Watan da Babana Ya Gani Shi Kaɗai

Bana labarin wata ya shigo gidanmu tun rana ba ta faɗi ba. Ina tsakar gida ina tace kunun buɗa-baki sai salula ta yi ƙara, na duba na ga an ce an gan shi a wata ƙasa mai nisa can gabas. Kafin magariba maganar ta zagaye unguwa. Na leƙa ƙofar gida lokacin da ladan yake gyara murya, ban ga mutum ɗaya ya ɗaga kai sama ba. Kowa kansa a sunkuye, yana neman wata a tafin hannunsa. Na san shekaruna ba su kai na masu tuna baya ba, domin ban daɗe da gama jami'a ba. Amma Malanville da na tashi a cikinta ta riga ni tsufa, kuma in ban rubuta abin da na riska ba yanzu, ina tsoron nan gaba ni kaina zan fara ƙara masa gishiri. Zan yi ƙoƙari in raba abin da na gani da abin da aka gaya mini, in kuma raba su biyun da abin da nake zato. Babana ne ya ɗora mini wannan hali. Ban sani ba ko in gode masa.

Kalmar shaida tana da faɗi a bakinmu. Mutumin da ya gani shaida ne, maganar da ya faɗa kuma shaida ce. Fentin da ake shafa wa buhun albasa don a gane mai shi, shi ma shaida ake ce masa. A wurin ɗaurin aure sanƙira yakan ɗaga murya ya ce a shaida, a wurin gawa kuma akan ce wane ya samu kyakkyawar shaida, wato mutane sun yabe shi bayan ransa. A littattafai na tarar da kalmar mashaidi, amma ban taɓa jin kowa a garinmu ya furta ta ba. Mu shaida muke cewa, in sun yi yawa mu ce shaidu. A lokacin ƙuruciyata kuwa, idan aka ce a kira shaida a gefen kasuwa inda ake ɗinke buhuna, ba a tambayar wanne. Babana ake nufi.

Sana'arsa ɗinkin buhu ce. Yana da rumfa ta zana, da basilla, da ƙullin igiya a rataye a wuyansa. Amma yana jin Hausa da Dandanci da ɗan Fillanci, kuma an san ba ya ƙari ba ya ragi. Mai masara zai zo daga Guéné, mai saye ya zo daga Kamba ko Sakkwato, su daidaita da baki, babu takarda. Sai a kira Baba. Ya tsaya a tsakaninsu ya maimaita sharuɗɗan da harshen kowannensu: ranar da za a yi lodi, wanda zai ɗauki asara in kaya suka jiƙe a hanya, wanda zai ji da duwan, wato ma'aikatan kwastan, a bakin gadar kan iyaka. Su haɗa hannu, ya ɗora nasa a sama ya ce, "Na ji, na gani, na shaida." A ba shi goro ya koma kan buhunsa. In rigima ta taso bayan wata da watanni, ba wurin jandarma ake fara zuwa ba, rumfarsa ake zuwa, kuma abin da ya faɗa a kansa ake tashi. Yau ciniki a salula ake ɗaukar muryarsa, kowa yana yawo da shaidarsa a aljihu, kuma rigima ba ta ragu ba. Tun da aka rufe gada ma kasuwar ta zama wata iri, kaya sun koma bin jiragen ruwa, rumfunan zana sun zama shaguna.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Kuma a kaina ya fi gwada wannan tsanani nasa. Na taɓa rugowa na ce masa akuyar maƙwabta ta ci mana dawa.

"Kin ga tana ci?"

"A'a, Baba. Na ga ta hito zaure da dawa ga bakinta."

"To haka za ki ce, Uwata. Sauran ki bar ma akuya ta hwaɗi da kanta."

Inna, mahaifiyata, takan yi tsaki daga madafa ta ce wata rana sai wuta ta kama ɗaki yarinyar nan ta tsaya tana tantance ko hayaƙi ne ko ƙura. Shi kuwa ya yi dariya. Yakan ce abin da ido ya gani dabam, abin da kunne ya ji dabam, abin da zuciya ta raya dabam, kuma duk wanda ya zuba su a ƙwarya ɗaya ya gama lalacewa.

A wancan zamani ƙarshen azumi yana da sauti. Kekunan teloli ba sa tsayawa, ana jin su daga kowane lungu. Mata suna dakan shinkafar Garou, taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, mu yara muna bakace. Ana jin ƙaurin man gyaɗa da na lalle. Aikina shi ne ɗebo ruwa, da wanke kwanonin Salla da toka, da tsare kaji kada su shiga shanya. Idan azumi ya kai ashirin da tara, da an yi la'asar sai unguwa ta fara gangarawa bakin gulbi, inda babu gini babu itace mai tare yamma. Tsofaffi su shimfiɗa buzu, samari su hau jiragen da aka kife, kowa da dabino ko ƙullin ƙuli a aljihu. Akwai rediyo, akwai ma salula a hannun wasu attajirai, amma limamin unguwarmu idon mutanensa yake fara tambaya. In mutum biyu adalai suka tsaya gabansa suka ce sun gani, sai a kaɗa ganga, yara su ɓarke da ihu. Mutum biyu, maza, baligai, waɗanda ba a taɓa kama su da ƙarya ba. Ɗaya ba ya isa, ko wane ne shi.

Shekarar da nake magana a kanta azumi ya faɗo cikin damina. Ba zan iya cewa wace shekara ba ce. Inna ta ce shekarar da gulbi ya ci gonakin shinkafa, Baba Ƙarami, ƙanen babana, ya ce wadda ta biyo baya, ni kuwa abin da na riƙe shi ne ina aji na tsakiya a firamare. Ranar an yi ruwa da azahar, hadari bai gama washewa ba, saboda haka mutane kaɗan suka gangara, su ma da aka kira salla suka juya. Muka rage mu uku a kan tudun da aka yi don tare ambaliya: Baba, da Baba Ƙarami wanda yake taya shi ɗinki, da ni. Baba ya sha ruwa a buta yana kallon yamma. Sai gajimare ya tsage daga ƙasa, wani jan haske ya fito. Ya kama kafaɗata da hannun hagu, ya miƙa na dama.

"Ga shi can. Uwata, bi yatsana. Kai, duba, bisa kan giginyar can."

Baba Ƙarami ya kare ido da hannu ya ce, "Wallahi ga shi, Yaya. Ga shi nan siriri." Wannan na ji da kunnena. Ni kuwa na bi yatsan. Na ga farce mai kaushi da tabon basilla, na ga jan haske, na ga wani abu fari-fari wanda zai iya zama wata, zai iya zama bakin gajimare, zai iya zama ƙwallar da ta taru a idona saboda ƙura masa ido. Kafin in tantance, gajimaren ya rufe.

Muka nufi gidan Liman da sauri, Baba bai saki hannuna ba, har cikin zaure inda yarinya ba ta da wurin zama. Akwai dattawa da yawa suna shan kunu, a cikinsu da wani Alhaji mai shagunan atamfa da takalma. Liman ya sa aka fitar da Baba Ƙarami waje, ya tambayi Baba: ina ƙahonin suka fuskanta, nawa ne tsayinsa daga saman itace, kafin kiran salla ne ko bayansa. Baba ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Sai Alhaji ya ajiye ludayi ya ce, ba da ƙarfi ba, gobe ce fa babbar kasuwar jajibere, mutanen ƙauye ba su shigo sayayya ba tukuna, teloli ba su gama ba, kuma duk garin nan da idanunsa babu wanda ya gani sai mai ɗinkin buhu. Ko maganar nan ta kai kunnen Baba Ƙarami a waje, ban sani ba. Na san dai ƙofar zauren zana ce, na kuma san daga baya a shagon Alhaji ya samu aiki. Haɗa waɗannan biyun zato ne, kuma a zato na bar shi.

Aka shigo da Baba Ƙarami. Liman ya ce, "Mi kag gani?"

Ya dubi ƙasa. "Na ga wani abu, Malam."

"Wani abu ko wata?"

"Yaya yac ce in duba, nid duba. Awa wata dai. Amma ban iya rantsuwa."

Baba ya juya ya dube shi, ya ce, "Ka riga ka rantse. Bakin gulbi kac ce wallahi." Baba Ƙarami bai ɗago ba. A nan ne Baba ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, kuma shi ya fi kowa sanin ba ya da amfani. Ya tura ni gaba ya ce, "Ga ɗiyata. Ita ma tana wurin. A tambaye ta."

Wani dattijo ya ce, "Malam, babu akuya bakin gulbin? A kirawo ta ita ma." Aka yi dariya, har da masu riƙe baki. Babu wanda ya tambaye ni kome.

Liman bai yi dariya ba, wannan zan faɗa don adalci. Ya ce shaida ɗaya ba ta tsayar da Salla, gobe za a cika talatin. Sannan ya sassauta murya ya ce wa Baba, wanda ya ga watan Salla shi kaɗai ya ajiye azumin a zuciyarsa, amma kada ya ci kada ya sha a gaban jama'a, don kada ya jawo wa kansa zargi. Daga baya na karanta na tarar haka malamanmu suke faɗa. Hanya ce aka buɗe masa ya fita da mutuncinsa. Baba ya ce, "In na ɓoye, na ƙaryata idona da kaina. Gobe wa za ya kira ni in ɗora hannu bisa hannunai?" Liman ya ce, "Na gaya maka abin da ad daidai."

Da safe ya yi wanka ya sa sabuwar rigarsa, shuɗiya mai aiki a wuya. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, don girman Allah ka zamna gida. Ka sha ruwanka cikin ɗaka, wa za ya sani?" Ya ce shi zai sani. Ya ɗauki tabarma, ya ce in sa kayan Sallata in biyo shi. Muka ratsa ta bakin kasuwa a daidai lokacin da motocin ƙauye suke sauke mutane, kowa leɓe a bushe, shi kuwa yana tauna dabino yana kabbara a bayyane. Filin idi babu kowa sai shanun wani Bafillace da ruwan jiya kwance a ramuka. Ya shimfiɗa tabarma ya yi raka'a biyu, ina tsaye a bayansa da lalle a ƙafa. Kafin ya sallame yara sun taru a bakin fili. Suna tafi suna cewa, "Mai wata, ina watanka? Ya hwaɗa buhu, ɗinke shi." Wani ya jefo curin laka ya sami rigar a kafaɗa. Manya suna tsaye nesa kaɗan, babu wanda ya tsawata. A hanyar komawa wata tsohuwa da ta saba ba ni alewa ta tofar da yawu ta ce, "Kahirin azumi." Baba ya ce mata, "Barka da Salla, Iya."

Da yammacin ranar sama ta washe tas, kuma wata ya fito kowa ya gan shi, a sama sosai, da kauri. Na ji wasu a bakin gulbi suna raɗa cewa wannan ai ɗan kwana biyu ne. Da ƙuruciya na ɗauka shi ke nan, gobe za a zo a ba Baba haƙuri. Ban fahimci lissafin manya ba. In Baba ya yi gaskiya, to unguwa duka ta yi azumi a ranar Salla, abin da aka haramta, kuma ta jefi mai gaskiya da laka. In ƙarya ya yi, mutum ɗaya ne ya lalace. Kafin a sauko daga idi washegari an gama zaɓa. Raɗar ta mutu, kuma waɗanda suka yi ta su suka fi kowa zafi a kansa. Dole in ƙara da cewa a jami'a na tambayi wanda ya san ilimin taurari, ya ce kaurin jinjirin wata ba ya tabbatar da kwanansa, kuma ba zai iya lissafa mini kome ba sai na kawo shekara. Shekarar kuwa ba ni da ita. Saboda haka ba na cewa Baba ya ga wata. Ba na kuma cewa bai gani ba.

Ba a kore shi daga kasuwa ba, ba a hana shi sahu ba. An daina kiransa ne kawai. Masu ciniki su tsaya a gaban rumfarsa, kusa da har yana jin sharuɗɗansu, sannan su aika a kira wani daga can ƙarshen layi. Ya ci gaba da ɗinki, kansa a ƙasa, amma ina ganin leɓensa yana motsi, yana maimaita sharuɗɗan shi kaɗai. Sunansa ya ɓace, Mai Wata ya maye. In mutum ya yi ƙarya a mahauta sai a ce masa, "Kai ma ka ga wata?" A makaranta ni ce ɗiyar Mai Wata, kuma duk abin da na faɗa, ko cewa na yi malam yana kira, sai wani ya kare ido da hannu ya dubi sama. Abin da ya fi ci mini rai ya faru a ƙofar gidanmu, ranar ɗaurin auren yayata. Baba ne ya raba goro, shi ya shimfiɗa tabarmi. Da aka shafa fatiha sanƙira ya ɗaga murya ya ce, "An ɗaura, jama'a ku shaida." Sai wani daga baya ya ce, "Ban da mai gida." Dariyar ta bi sahu har ta iso gaba. Baba Ƙarami yana nan zaune da babbar riga, ya sunkuyar da kai, amma kafaɗunsa suna rawa. Ko dariya ce ko kuka, ban ga fuskarsa ba.

Baba bai sake gangarawa bakin gulbi ba, bai kuma sake ta da maganar ba, har tsawon shekarun da na yi ina karatu a kudu. Yanar ido ta rufe masa gani a hankali, basilla ta fara shiga yatsansa maimakon buhu, ya bar rumfar. Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka kira ni aka ce in zo. Na iso da hantsi na same shi kwance a ɗakinsa, ya rame har ƙasusuwan hannunsa sun fito. Ya shafa fuskata ya ce, "Uwata ta zaka." Muka yi gaisuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi karatu. Sannan ya ce:

"Ran nan ba su tambaye ki ba. Ni ma ban tambaye ki ba, don kina ƙarama. Yanzu kin girma, kin yi ilimi. Uwata, kin gan shi?"

Na san amsar da yake so. Na kuma san wanda yake tambayata. Inna tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu, tana yi mini alama da ido, alamar da ko makaho zai ji a jikinsa. Na ce, "Baba, na ga yatsanka. Na ga haske. Na ga wani abu hwari inda ka nuna. Ban sani ba ko wata na."

Hannunsa da yake kan nawa ya yi sanyi, ko kuwa nawa ne ya yi. Inna ta ajiye kwanon da ƙarfi har kunu ya zube, ta durƙusa a gefensa ta ce, "Malam, ni na gan shi. Wallahi na gan shi, daga tsakar gida, ina kwashe tuwo. Tsoro ya hana ni hwaɗi."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. "Bangon yamma ya hi ki tsawo, kuma ranar kina cikin madahi don ruwa. Kada ki yi man zur bakin kabari." Sannan ya ce, ba da ni ba, ba da ita ba, "Ashe dai ni ɗaya na." Ya juya ga bango. Ya ƙara kwanaki yana karɓar ruwa daga hannun Inna, amma bai sake kirana Uwata ba, bai kuma kira ni da wani suna ba.

Jana'izarsa ta cika. Mutuwa ba ta da tsada ga masu rai, kowa yana iya zuwa. Daga cikin gida muna jin maza a waje suna yi masa shaida. Wanda ya fi kowa ɗaga murya Baba Ƙarami ne, yana cewa Yaya bai taɓa ƙarya ba tun da aka haife shi, duk garin nan babu mai gaskiyarsa. Dattawa suna amsawa, haka ne, haka ne, Allah ya jiƙan shi. A cikinsu na gane muryar wanda ya ce a kirawo akuya. Mata suka yi ta shigowa suna ce wa Inna ta gode Allah, mijinta ya samu kyakkyawar shaida. Ta ce musu, "Ya samu. Da ba ya bukata tai." Ban taɓa jin kalmar nan ta yi arha kamar ranar ba. Shaidar mutum ɗaya Baba ya nema a zaure yana da rai, aka hana shi, ga ɗaruruwa sun kawo masa har gida yana cikin likkafani.

Yanzu ina zaune da Inna, ina koyarwa a wata makaranta a gari. Tudun bakin gulbi yana nan, an ƙara masa tsawo, amma ranar ashirin da tara babu mai hawansa sai masu jiran jirgin ƙetare. Yaran unguwa ba su san ana neman wata da ido ba, ba su san wane ne Mai Wata ba, kuma ba a kiran kowa shaida sai a kotu. Ni da Inna muna ci a kwano ɗaya, ina yi mata wanki, tana yi mini addu'a in zan fita. Ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba. Sau ɗaya kawai ta ce, kalma ɗaya ce, ko kare aka roƙa zai yi haushi. Na yi ta juya abin a raina, kuma har yau ban gano amsar da zan ba shi ya karɓa ba: ya ƙi ƙaryar Inna, gaskiyata kuma ta juya shi ga bango.

Ranar da na fara ba da labarinta, bayan na karanta saƙon a salula, na shiga ɗaki na same ta a kan tabarma tana jan carbi. Na ce, "Inna, an ga wata. Gobe Salla."

Ba ta ɗago ba. Ta ja ƙwaya ɗaya, ta ja ta biyu.

"Ke kin gan shi," ta ce, "ko yatsa kinka gani?"